Ku Tambayi Anti: Zaman Legas, Hoton Bakin Teku Daban Cikin Akwati Daban

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin wasiƙun da suka fi yawa duk a kan komawa Legas ne, ban san ko iska ce ta kaɗa can ba, sai na zaɓo guda huɗu. Masu tambayar gyaran jiki da na kishiya ku yi haƙuri sai sati na sama.

*Anti barka da aiki. Ni amarya ce daga Zariya, saura wata biyu biki, wanda zan aura yana aiki a Victoria Island kuma ya kama mana gida a Ajah. Kullum sai ya turo min hotonsa a bakin teku, ƙawayena har cewa suke na tsinci dami a kala, ita kuwa Mama kuka take wai za a kai mata ƴa bakin duniya. Ni ban taɓa wuce Abuja ba. Dan Allah ya zaman yake, kuma me zan riƙo?*
Amarya, daga Zariya

Ƙanwata Allah ya sa alheri, ya ba da zaman lafiya. Ki lallashi Mama, ba bakin duniya ba ne, awa ɗaya da rabi ne a jirgi daga Kano, a mota ne dai kilomita wajen 1,000 ɗin nan ke fitar wa mutum da rai. Amma su ma ƙawayen naki su rage zuzutawa, hangen Dala ba shiga birni ba.

Kinga ni ma Ajah ɗin aka fara kai ni, kuma wallahi sai da na yi wata bakwai a garin kafin na taka yashin bakin teku da ƙafata, alhali daga gidanmu ba wata tafiya ba ce. Mai gidan ya fita tun kafin a kira assalatu ya dawo bayan isha'i a gajiye, ran Asabar barci yake ramawa, Lahadi a je cefane, to yaushe? Tekun nan ba za ki riƙa ganinsa ba, shi ne zai riƙa zuwa miki har ɗaki. Bari in ba ki labari. Na zo da lefena akwati shida, na jera su a saman wadirof yadda muke yi a gida, ban ƙara waiwayarsu ba saboda ba inda nake zuwa. Bayan damina aka yi haihuwa a gidan wani abokinsa na ce bari in ciro leshina mai tsada in fita kunya, ina zuge zif wani wari ya bugo ni kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Atamfofin da ban ko ɗinka ba duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ninki, takalmin fata da jakarsa sun yi hunhuna kore shar kamar an shafa musu garin kuka, sarƙoƙin fashin sun dafe sun yi tsatsa, har shi kansa zif ɗin akwati ɗaya ya ciza ya ƙi motsi sai da aka sa wuƙa. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Maƙwabciyata Bayerabiya ta leƙo ta ga abin da ake ciki, dariya ta yi ta ce duk wanda ya zo sai ya biya wannan kuɗin makarantar.

Abin da ke jawo haka danshi ne. Iskar garin a jiƙe take kusan duk shekara, kuma ɓangaren Lekki da Ajah zirin ƙasa ne, teku ta kudu babban tafkin da ake kira lagun ta arewa, ga gishiri a cikin iskar, shi ya sa ƙarfe ba ya daɗewa. Get, janareto, bayan firji, injin esi na waje, duk sai kin ga sun fara ja. Don haka kar ki rufe kaya ki manta. Duk sati biyu zuwa uku ki buɗe akwati da wadirof ki kunna musu fanka, ranar da rana ta fito da kyau ki baza su su sha, kar ki jingina katifa ko akwati da bango, ƴan ƙananan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi kar ki zubar, ki riƙa jefa su cikin jaka. Turaren wuta ma yana taimakawa, wannan kam ki zo da shi da yawa. In da hali rabin lefen ki bar shi wajen Mama a Zariya, can ya fi tsira.

Kayan miya ma haka. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, garin kunu, ki zo da su amma ki zuba a robobi masu murfi mai kamawa, wanda za ki daɗe ba ki taɓa ba ki tura firiza. Kilishi in ya kwana uku a waje ya saki ya zama kamar tsumma, ƙuli-ƙuli ya daina ƙaras-ƙaras, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Wanki kuwa a watan Yuni sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, ki koyi shanya a ɗaki ƙarƙashin fanka.

Zafin garin ba irin namu ba ne. Ba za ki ga digiri 40 irin na Afrilu a arewa ba, yawanci 30 da ƴan kai ne, amma gumi ba ya bushewa, kina fitowa daga wanka kin fara wata zufar, ƙurajen zafi su feso a wuya da baya. Manyan hijabai masu kauri da shaddar da ta sha sitati ki ajiye su sai fita ta musamman, ki nemi yadi marar nauyi. Sai dai fa akwai daɗinsa, kar in yi wa garin rashin adalci. Hunturu ɗan leƙowa yake a Disamba da Janairu ya koma, faso da kaushi da fashewar leɓe duk za ki manta da su, fata ta yi luwai ba tare da kin sha wahalar basilin ba, ba kuma sharar ƙura sau uku a rana. Ga kifi, ɗanye da banda, ki ci ki more.

Ruwan sama kuwa ki shirya. Yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, abin da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Kano. Kuma ƙasar can a kwance take dab da ruwa, ba inda zai gangara da sauri, sai ya kwanta a layi. Ki tambayi angon naki tun yanzu, layinsu yana cika ko ba ya cika, kuma wane irin ruwa famfonsu ke kawowa, don bohol da yawa a wannan yankin ruwansu ja-ja ne mai ƙarnin ƙarfe, yana ɓata farin kaya da tayil ɗin banɗaki, mutane da dama tanka suke saye, na sha kuma sai na roba ko fiya wata.

Abin da ya fi duk waɗannan cin rai shi ne kaɗaici, shi ne kuma ba wanda zai turo miki hotonsa. A Zariya kin saba a yi sallama a shigo ba sanarwa, yara su zo aike, a leƙo ta katanga a ari rariya. A can kowa ya ja get ya kulle, sai ki wuni ba ki ji Hausa ba sai wajen mai gadi ko mai kanti. Kar ki zauna jiran a zo a same ki. Ki sa mijinki ya haɗa ki da matan abokansa tun satin farko, ki nemi islamiyyar matan aure, ki gaida maƙwabta ko ba ku jin yaren juna, “e kaaro” da safe, “e kaale” da dare, Yarbawa mutane ne masu son gaisuwa da girmamawa, wannan kalma biyun sai ta buɗe miki ƙofar da ba ki zata ba. Ita wannan maƙwabciyar da ta yi min dariya, ita ta kwana da ni a asibiti ranar haihuwata ta fari kafin jirgin su Hajiya ya sauka.

*Salam Anti. Na samu aiki a Ikeja zan fara wata mai zuwa. Wani abokina ya ce in zan zauna a Legas in zauna a Lekki ko Ajah kawai, wai can ne manyan yara suke kuma ga iskar teku. Albashin ba laifi amma ba wani mai yawa ba ne, ina da mata da yaro ɗaya. Meye shawara?*
Wani ɗan'uwa, daga Gusau

Malam shi abokin naka zai riƙa kai ka ofis? In ba shi ba ne to ka toshe kunne. A Legas ba a zaɓar gida da kyan unguwa, da inda kake aiki ake zaɓa. Garin kashi biyu ne a bakin mutanensa, akwai Mainland akwai Island, kuma gadoji uku ne manya suka haɗa su, Carter da Eko da Third Mainland, ita ta ukun kusan kilomita 12 ce a kan ruwa, an gama ta a 1990. Ikeja tana Mainland. In ka zauna a Ajah kullum sai ka bi titin Lekki zuwa Epe, ka ratsa Ikoyi, ka hau gada, ka sauka ka ci gaba, da yamma ka sake, ranar da wata tirela ta lalace ko aka yi ruwa kuwa sai dai ka yi magariba da isha'i a haɗe a gida. Na san masu barin gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba su yi sallah a masallacin kusa da ofis su ƙarasa barcinsu a mota. Yaronka sai ya koma ganinka ran Asabar kamar baƙo.

Ka duba Ogba, Agege, Iju, Ojodu, Oregun, duk kewayen Ikeja ne. Agege ma gida ce, Hausawa sun fi shekara ɗari a can tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai da makarantun allo da islamiyyu, matarka za ta samu tuwo da masa da fura da mai kitso ba tare da ta sha wahala ba. Ga jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Ka yanki katin Cowry, da shi ake hawa jirgin da kuma manyan bas na BRT. Danfo kuwa, ƴan rawayan nan, ka riƙe canji a hannu kuma ka saurari kwandasta da kyau, don yadda suke kiran sunan unguwa sai ka rantse wani yare ne na daban.

Batun haya ka riƙe wuta. Kuɗin da aka faɗa maka a waya ba shi ne za ka biya ba, a kansa akwai na ejan, akwai na agrimen, akwai na kaushin wai ko za ka ɓata wani abu, in estet ne ga kuɗin sabis na gadi da shara, kafin ka ankara abin ya haura da kusan rabi. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA da aka cire daga dokar, amma za ka haɗu da masu ce maka shekara biyu ko ka ƙara gaba, ka dai san haƙƙinka. Kar ka tura ko sisi kan hoto ko bidiyo, ka je da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido ko lauyansa, don gida ɗaya a karɓi kuɗin mutum biyar a kansa ba sabon labari ba ne. In ka shiga ka dubi ƙasan katanga da bangon waje, in ka ga wani layi ya zagaye kamar an ja da alli, to nan ruwa ke tsayawa da damina, ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, shi ma alama ce. Ka buɗe famfo ka tara a farin kofi. Ka tambayi mai shagon bakin layi maganar wuta, shi ba ruwansa, gaskiya zai faɗa maka, ejan kuwa ko a ƙarƙashin gada ne ce maka zai yi wuta awa ashirin.

Ni da zan ba ka shawara ma ka fara zuwa kai kaɗai, ka raɓa wajen wani wata ɗaya ko biyu ka gane garin, sannan ka ɗauko iyali. Tekun kuma yana nan ba inda za shi, ka kai su da sallah.

*Anti ni saurayi ne, ina da mashin ɗina, ina so in sayar da ɗan abin da nake da shi in tafi Legas acaɓa, an ce ana samu.*
Daga Dutsin-ma

Ɗana wanda ya ba ka labarin nan tsohon labari ya ba ka. Tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu, kuma Eti-Osa ɗin nan ita ce su Lekki da Victoria Island inda kuɗin yake. Mashin ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Masu yi a ɓoye suna nan, amma kullum ransu a hannu, ga kuɗin tikiti na ƴan tasha a kowace kwana. Kar ka sayar da komai. In zuwan ya zama dole ka nemi wani naka da ke Mile 12, inda motocin tumatir da tattasai da albasa ke sauke kaya daga arewa, ko mayankar Oko-Oba a Agege, ka fara a ƙarƙashinsa, kuma ka tabbatar da inda za ka kwana kafin ka hau mota. Ka taho da katin shaidarka na ɗan ƙasa.

*Anti mun dawo Legas da yara huɗu wata biyar ke nan, muna Surulere. Sun dame ni sai an kai su bakin teku, babban ɗan shekara 14 ne yana ta cika baki wai ya iya ruwa tunda yana shiga dam a garinmu. Ina ne ya dace mu je? Sannan ƙaramar ta dawo daga makaranta tana kuka wai ana ce mata aboki.*
Maman yara, Surulere

Maman yara sannu da ƙoƙari. Fara da babban, ki zaunar da shi ki gaya masa da babbar murya, ruwan dam daban Atlantika daban. Dam a kwance yake, wannan kuwa igiyar ruwa ce ke zuwa ta doke ka, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, akwai wuraren da ruwan ke komawa da gudu kamar kwata, ko gwani ya faɗa ciki sai Allah. Kusan duk lokacin biki sai an ji ya ci wani, kuma yawanci samari ne masu cewa sun iya. Iyakarsa idon sawu, hannun ƙananan kuma a cikin naki.

Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari, wadda duk alhajin da ya je Ikko sai ya ɗauko hoto a can, babu ita yanzu, an cike wajen da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Waɗanda suka rage irin su Elegushi da na can gaba wajen Ajah kusan duka sai an biya kuɗin shiga, wani wajen a sake karɓar na fakin da na rumfa da kujera, har na shigo da abincinki. Kuma in faɗa miki gaskiya, da yamma ran Asabar da Lahadi ba wajen yara ba ne, kiɗa ne da shaye-shaye da shigar da za ki rasa inda za ki sa idonki. Ku je da safe, wajen tara zuwa sha biyu, lokacin ba kowa sai masu doki da masu sayar da kwakwa, yara su yi wasan yashi su tsinci kwanson ruwa ku dawo kafin azahar. Tarkwa Bay ruwanta ya fi lafawa saboda a killace take, amma sai an hau kwalekwale mai inji, in za ku je kowa ya sa rigar ruwa a ɗaure ta da kyau kuma ku juyo da sauran rana. In ba lallai sai teku ba, Lekki Conservation Centre ma yara na jin daɗinsa, ga birai ga doguwar gadar igiya a saman bishiyoyi, sai dai ita gadar akwai ƙa'idar shekaru, ƙananan ba za a bar su su hau ba.

Ita kuma ƙaramar, ki rarrashe ta. Kalmar tamu ce, mai kyau ce ma, bakin wasu ne ya ɓata ta, wani da raini yake faɗa wani kuma iyakar Hausar da ya sani ke nan. Nawa yaron da aka yi masa haka cewa na yi ya tambaye su ko sun san ma'anarta, ya faɗa musu, ya ce to tunda kun ce ni abokinku ne sai ku ba ni biskit ɗinku. Amma in abin ya zama kullum ki je makarantar da kanki ki samu malamar ajin, cikin mutunci, kar ki aika. Kuma ku riƙe Hausa a cikin gida da ƙarfi, don nan da shekara ɗaya za ki ji sun koma Turancin buroka da Yarbanci a tsakaninsu, wannan ba laifi ba ne zai amfane su a kasuwa da makaranta, amma ranar da kuka je gida kakarsu ta ce “ina wuni” yaro ya tsaya yana kallonki, ke za a yi wa faɗa ba shi ba. Tunda kuna Surulere, Idi-Araba na nan kusa da ku, akwai islamiyyu da jama'armu sosai, ki kai su na Asabar da Lahadi.

Af, na kusa mantawa, tunda azuminku na farko ke nan a garin. Kar ki sha ruwa da kiran sallar da kika ji a rediyon Kano ko a wayar ƴan gida, Legas tana yamma da mu, ranarta na faɗuwa a baya, wani lokacin tazarar ta kai kusan rabin awa. Ni shekarar farko Hajiya ta kira ni tana taunar dabino tana min barka da shan ruwa, na kai kofi baki ke nan mai gidan ya riƙe min hannu ya nuna min taga, rana tana nan jajir a saman rufin maƙwabta.